Zinatu da Injin Fasassun Kwalabe

Akwai wata mata a wani ƙaramin ƙauye kan hanyar Anka zuwa Bagega, sunanta Zinatu. Ku da kuke bibiyar wannan shafi kun san ba kowane taurin kai nake yabawa ba. Amma na wannan baiwar Allah, ku bari in ba ku labarinsa, sai ku yanke hukunci da kanku.

Zinatu na da 'ya guda ɗaya tak, Safa. Shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyukan Anka, Safa na goye. A lokacin maza kan haƙo duwatsun zinari su kawo gida, mata su daka a turmi. Mijin Zinatu, Mas'ud, ya kawo nasa, ita kuma ta daka, yarinya na bayanta tana shaƙar ƙurar. Babu wanda ya san abin da ke cikin dutsen.

Yara suka yi ta jijjiga suna mutuwa. Safa ma ta yi jijjigar, aka kwantar da ita a Anka, Allah ya yi tana da sauran kwana. Sai dai ba ta dawo yadda ta tafi ba. Ta kai shekara shida ba ta iya haɗa magana, ba ta shiga cikin yara, kuma in ranta ya ɓaci sai ta yi ta buga kanta a bango.

Bayan ma'aikatan lafiya sun zo sun kwashe ƙasar gidaje sun zuba sabuwa, mutanen garin suka taru a ƙofar masallaci suka yi alkawari. An mayar da injinan niƙa can bayan gari. Duk gidan da aka kama ana niƙa dutse ko ana daka shi a ciki, to mutanen gidan su tattara kayansu su bar garin. Kowa ya ce ya yarda, don kusan kowane gida ya kai yaro makabarta.

To, abu ɗaya ne a duniya yake kwantar wa Safa da hankali: fasasshiyar kwalba. Ta tsinto a juji, ta ɗaga wa rana, ta yi ta kallo. Kullum yatsunta a yanke. In Zinatu ta ƙwace, ranar gidan ba zaman lafiya. Ta gwada goge bakin kwalbar a kan dutsen niƙa, ta wuni a kan guntu ɗaya, ƙarshenta ita ma ta yanke hannu.

Ƙanenta Kamilu, mai gyaran wayoyin mota a Anka, shi ya kawo mafita. Ya ga a wayarsa yadda wasu mutane ke zuba guntayen kwalba da yashi da ruwa a cikin wani gwangwani mai juyawa, su bar shi makonni har kaifin ya mutu. Ya samo robar fenti mai murfi, ya kwantar da ita a kan ƙarafa biyu, ya haɗa mata ɗan injin da ke goge gilashin mota, da batir, da ƙaramin farantin sola a kan rufin ɗaki. In rana ta fito robar ta kama juyawa, in rana ta faɗi ta tsaya.

Zubin farko Zinatu ta kasa haƙuri, ta buɗe a kwana uku, ta tarar da kaifi yana nan. Na biyu ta rage ruwa, komai ya dunƙule ya manne a jikin robar. A hankali ta gane kan abin. Yashin rafi mai kauri kwana bakwai. A wanke, a sa mai laushi kwana bakwai. Sannan toka da ɗan sabulu, har sai ta ji sautin ya yi taushi a kunnenta. Manyan guntaye kawai take zubawa, waɗanda yaro ba zai iya haɗiyewa ba.

Ranar da ta kwashe zubi na uku, ta wanke, sai ga su sumul kamar alewa. Ta miƙa wa Safa kore guda. Yarinyar ta juya shi, ta shafa a kumatu, ta samu gindin bango ta zauna shiru har azahar. Zinatu ta shiga ɗaki ta yi kukanta ta fito.

Amma kada in ɓoye muku, abin bai tsaya a kan Safa ba. Zinatu ita ma ta kamu. Kore na nan birjik, fari ma haka, ruwan ƙasa ba wuya. Shuɗi ne abin nema. Duk matar da za ta biki Gummi ko Bukkuyum sai Zinatu ta bi ta har zaure: in kin ga kwalbar turare shuɗiya da aka yar, ki tuna da ni. Ta ware su langa-langa, kowane launi da gidansa. Da hantsi in ta gama aiki ta baza su a tabarma tana zaɓe, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Rabon da a ji waƙa a bakinta tun kafin ciwon Safa.

Mas'ud ya taɓa tsayawa a kanta ya ce, "Wai abinga saida shi za ki yi?"

"A'a."

"To mi ar ranarshi?"

"Ina so nai," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba.

Matsalar ta ɓullo ne ta bayan katanga. A can Binta take, matar Nababa, wadda ta rasa 'ya'yanta maza biyu, Halilu da ɗan'uwansa, cikin mako guda a shekarar gubar. Binta ta fara jin wani sauti daga gidan maƙwabta, shaƙa-shaƙa-shaƙa, tun fitowar rana har faɗuwarta. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san wannan sautin, irin na niƙa dutsen zinari ne. Sannan wata safiya ta ga laka mai ruwan toka tana fitowa ta rariyar gidan Zinatu, launinta sak na lakar da ake bari a wurin wankin zinari.

Ko sallama ba ta gama ba ta faɗo gidan.

"Zinatu! Ke da Allah yab bar ma taki da rai, ke za ki maido muna da mutuwa cikin gari?"

Zinatu ta miƙe. "Yaya Binta, kwalba ta. Hwasassun kwalabe na da yashi." Ta ɗauko langar kore ta miƙa mata. "Duba ki gani."

Binta ta ture langar. "Ki raina ma wani wayo. Wa ka niƙa abin da ba a saidawa? Kwana ishirin injin na juyawa don kwalba? Waɗanga kin aje su don rufe ido."

"Tsaya in buɗe robar gabanki."

"In tsaya in shaƙa? Wanda nish shaƙa bai isa ba?"

Ta ja mayafinta ta toshe hanci ta fice.

Jama'a, ku lura da wannan wurin. Binta ba muguwa ba ce, mutanen garin ma ba mugaye ba ne. A ƙasar da duk abin da aka zuba wa ruwa aka juya don zinari aka juya shi, wa zai yarda akwai mai juya kwalba don kawai tana so? Da ta ce musu sata take yi ma da sun fi saurin gaskata ta.

Kafin kwana biyu magana ta gama gari. Mata suka daina shigowa ɗibar wuta. Aka yi suna a unguwa ba a gaya mata ba. Uwa ta ga ɗanta ya bi ta ƙofar gidan sai ta fizgo shi ta wanke masa ƙafa.

Mas'ud ya dawo daga masallaci fuska a murtuke. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon robar tana ta juyinta.

"Mai gari ya aiko. Nan da Alhamis, ko a hwasa robag ga, ko mu tashi. Zinatu, kashe abinga mu huta. Ni na san kwalba ta, amma mutum guda ba ya ja da gari."

Zinatu ta aje tsintsiyar da ke hannunta.

"Malam, ranar da kak kawo dutse kac ce in daka, na daka, ban ce komi ba." Ta nuna Safa da ke zaune a inuwa. "Ga abin da shiruna yaj ja muna can zaune. Yau kuma a ce in hwasa abin da ka sa ta zama lahiya, in amsa laihin da ban yi ba? Ba ni hwasawa. Kuma ba ni tashi."

"Ke kin san abin da kika hwaɗi kuwa?"

"Na sani. Ka koma ka ce ma Mai gari, ranar Alhamis bayan la'asar shi zaka ƙohwar gidanga da jama'atai. Kuma a zo min da Nababa, da kwanon wankinai."

Nababa dai shi ne mijin Binta, kuma duk yankin babu wanda ya kai shi iya wanke ƙasa. Shekara goma sha biyar yana wannan aiki a bakin rami. Ita da kanta ta zaɓi mijin mai ƙararta ya zama alƙalinta.

Ranar Alhamis ƙofar gidan ta cika. Mai gari Labbo na zaune a kan kujera, maza a tsaye, mata sun taru a bakin zaure. Wani saurayi har da guduma ya zo, don kada a ɓata lokaci. Zinatu ta fito cikin hijabinta rungume da robar, ta dire ta a gaban Mai gari.

"Ranka shi daɗe, ga ta. Tun jiya wata daga cikin matanku na zaune gidana tana tsaronta, ban taɓa murhin ba. In Nababa yas samu ko ƙwaya guda ta dutsen rami, ba sai kun kore ni ba, da ƙahwata za ni hita."

Nababa ya tsuguna ya buɗe murfin. Laka mai ruwan toka ta bayyana, mutane suka ja baya suna toshe hanci. Wani ya ce, "Ai ga shi nan!"

Nababa bai kula shi ba. Ya ɗebi lakar a kwano, ya zuba ruwa, ya shiga karkaɗawa yana zubar da na sama. Masu wannan aiki sun san cewa ƙasar rami komai wankinta sai ta bar abu mai nauyi a gindin kwano, baƙi-baƙi mai ƙyalli. Ya wanke, ya ƙara ruwa, ya wanke. Lakar ta tafi. Abin da ya rage a kwanon guntaye ne kore da fari, da shuɗi guda biyu.

Ya sake ɗiba daga can ƙasan robar. Haka. Ya tashi ya je bakin rariya ya kankaro busasshiyar lakar da matarsa ta gani, ya wanke ita ma. Ya murza abin da ya rage a tsakanin yatsunsa, ya daɗe yana kallo. Kowa ya san abin da yake so ya gani, don yaran da Binta ta rasa shi ma 'ya'yansa ne.

Ya miƙe ya share hannu a rigarsa.

"Ranka shi daɗe, yashin rahi na da toka. Babu dutsen rami ko kaɗan. Ba ni yi mata ƙarya."

Mai guduma ya mayar da ita bayansa.

Mai gari Labbo ya yi gyaran murya. "To, alhamdu lillahi. An gani, kin hita. In ma'aikata sunka zaka da na'urarsu ta gwajin guba sai su ƙara dubawa. Amma ɗiyata, tunda hankalin mutane ya tashi, ki yi haƙuri ki kashe shi hakanan, a zauna lahiya."

Kun ji irin sulhun namu. An wanke ka, amma dai ka ɗauki hukuncin don kada manya su ji kunya.

Zinatu ta ce, "Ranka shi daɗe, na'ura ta zaka, ina maraba da ita. Amma da an samu dutse, da kun kore ni. Ba a samu ba, kuma in kashe? To mi anka gwada ke nan? Alkawalin da munka yi na dutse na, kuma ban taɓa shi ba. Ba ni kashewa."

Maza suka hau guna-guni. Mas'ud ya sunkuyar da kai. Mai gari ya kalle ta, ya san gaskiyarta.

Sai aka ji murya daga cikin mata. Binta ce, kuma wannan karon ba faɗa take yi ba.

"Na ji kwalba ta. Na yarda. Amma ni ƙaƙa za ni yi da kunnena? Da rana ta hito in ji shi, sai in ga kaina ga turmi, su Halilu na wasa gabana cikin ƙura. Kullum, Zinatu. Kullum sai na sake bizne su."

Ta durƙushe a wurin tana kuka.

Matar da ta tsaya wa Mai gari da mazan gari duka, sai ga shi ta juyo wajen Binta. Wannan kukan ta san shi. Ta taka ta je ta tsuguna a gaban Binta.

"Yaya Binta, don tsoron gari ba ni kashewa. Amma ke ba gari ba ta. Yau za ni wanke robag ga in bar ta buɗe. Abin da za shi shiga cikinta nan gaba, ke za ki zuba da hannunki, ke za ki ruhe, don in kin ji shi ki san abin da kika ji. In ba ki zaka ba, haka za ta zauna."

Aka watse. Washegari rana ta fito, gidan shiru. Maza a majalisa suka ce ai ga shi ta sauko, dama baki ne. Maganar ta dawo kunnen Zinatu, ta ce su faɗi abin da suka ga dama, ita ba su take jira ba.

Amma jiran ya yi mata nauyi. Kwana ɗaya, biyu, uku, babu Binta. Safa ta saba zama kusa da robar tana kallon juyinta, sai ta riƙa zuwa tana tura ta da hannu tana ƙunƙuni. A rana ta uku ta koma buga kai a bango. Zinatu ta rungume ta, idonta na kan wayar batir. Haɗa ta ba zai ɗauki komai ba, kuma babu mai hana ta. Ta kawar da kai, don ta riga ta yi alkawari.

Rana ta biyar da hantsi aka yi sallama. Binta ce, da ƙullin tsumma a hannu. Ta zauna a bakin tabarma ta kwance shi. Ƙananan kwalaben magani ne guda shida, ruwan ƙasa, takardun jikinsu duk sun koɗe.

"Na su Halilu na," in ji ta. "Da sunka hwara ciwo mun zaci masassara ta, munka yi ta ba su. Shekara huɗu suna ƙarƙashin gadona. Na kasa yadda su, na kasa kallonsu."

Zinatu ta tashi. Ta kawo buhu da dutse ta aje mata.

Binta ta sa kwalaben a buhu, ta yi bisimilla, ta buga. Ba ta bari an taya ta ba. Ta zazzage guntayen a robar. Zinatu na gaya mata, ita tana yi: yashi tafi uku, ruwa ya ɗan rufe su, a danne murfi sosai. Da ta gama ta ja baya ta zauna.

"Kunna," in ji ta.

Robar ta motsa, sautin ya tashi. Binta ta runtse ido, ta daɗe a haka, amma ba ta tashi ba. Safa ta rarrafo ta zauna a wurinta na kullum.

Kwana bakwai Binta ta dawo ta canja yashi da hannunta. Wasu bakwai ta sake dawowa. Ranar kwashewa ita ta wanke su a ƙwarya, ta tsamo guda ta riƙe. Ya yi sumul, rana na ratsa shi. Ta damƙe shi a tafin hannu ta matse iya ƙarfinta, sannan ta buɗe ta duba. Babu jini.

Ta ƙulle su duka a bakin zanenta, ta share ido, ta kalli robar da ke zaune babu komai a ciki.

"Zinatu," in ji ta, "gobe mi za mu zuba?"

Darasi: In kana kan gaskiya, kada yawan masu zarginka ya sa ka amsa laifin da ba ka yi ba, ko da an ce maka don zaman lafiya ne. Ka tsaya, ka buɗe abinka a fili kowa ya gani. Amma ka iya bambanta mai son tanƙwara ka da wanda ciwo ya sa shi magana. Na farko ka tsaya masa, na biyu ka tsuguna ka saurare shi. Mu kuma masu saurin yanke hukunci daga bayan katanga, mu riƙa shiga muna dubawa kafin mu kori mutum. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, wataƙila akwai wanda ake matsa wa ya fasa abinsa yau, yana neman ƙarfin cewa a'a.